Wadda ta haifi mahaifiyarka, 'yar wane gida ce?

Tambayi Bahaushe asalinsa, nan take zai jero maka sunan uba da kaka da kakan kaka, har da garin da suka baro. Amma ka ce masa, "Wadda ta haifi mahaifiyarka fa, 'yar wane gida ce?" sai ka ga ya yi jim. Iyakar saninsa "Iya" ko "Hajiya Babba".

Ba da gangan aka yi haka ba. Nasaba ta uba ce, kuma aure kan kai mace garin da ba ta da kowa. Ga alkunya: 'ya'ya ba sa faɗin sunan uwa, jikar da aka yi mata takwara ma sai a sakaya, a riƙa kiran ta Ummi ko Mama. Kafin a kai ga tattaɓa-kunne, sunan yanka ya ɓace, balle sunan ƙauyensu.

A ganina duk gidan da ya tsaya a dangin uba, rabin tarihinsa ya riƙe. Magabata ma ba su yi sakaci irin namu ba. Littafin Tarihin Kano, wanda H.R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci sunayen uwayen sarakuna da dama. Ta nan muka san Auwa, matar Sarki Muhammadu Rumfa kuma mahaifiyar Sarki Abdullahi da ya gaje shi, wadda ta yi ƙarfi ƙwarai a fada.

Wani zai ce wannan aikin marasa abin yi ne. To, a duba abu uku.

Na farko gado. Musulunci ya ba 'ya mace kasonta, amma sau da yawa idan ta yi aure nesa sai gonar ta zauna hannun 'yan'uwanta maza ba a raba ba. Ta rasu, su ma su rasu, jikokinta ba su san suna da haƙƙi ba, masu noman gonar kuma ba su san suna cin na wasu ba.

Na biyu shayarwa, wadda ke haramta aure kamar yadda nasaba ke haramtawa. Wa ya san wadda ta shayar da wane a lokacin da uwarsa ke kwance? Tsofaffin mata ne kawai, kuma ba a rubuce yake ba.

Na uku lafiya. Sikila da ciwon suga da hawan jini ba sa zaɓen ɓangaren uba. Idan likita ya tambayi cututtukan da ke danginka, ɓangarorin biyu yake nufi.

Akwai kuma tsoron da ba a cika furtawa ba: kada tone-tone ya kai ga bauta. Tsoron ba na banza ba ne. Dokar Lugga ta 'yanta yaran da aka haifa daga watan Afrilun 1901, amma sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewacin Najeriya. Ke nan a gidaje da yawa akwai kakar da aka kamo a yaƙi ko aka sayo, ta zama ƙwarƙwara, aka canza mata suna. Sai dai a shari'a ɗanta ɗa ne cikakke, yana gado, kuma sarakuna da dama 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne. Matar da aka raba da garinsu da harshenta, ta kuma raini zuriya, ba abin kunya ba ce. Shafe ta daga tarihin gida zalunci ne na biyu. Abin da ake buƙata shi ne hankali: abin da ka gano na gida ne, ba na Facebook ba, har sai dangi sun amince.

Ta ina za a fara? Daga bakin masu rai: inna da kawu, kishiyoyin kakar da ƙawayenta. Kada ka tambaye su shekara, tambaye su abin da ya faru. An kai ta ɗaki kafin zuwan Sarauniyar Ingila a 1956 ne ko bayansa? Wa take goyo lokacin da aka kashe Sardauna a 1966? Tana raye aka canza kuɗi zuwa naira a 1973? Tambayi irin zanen fuskarta, da ƙabilar da take wasa da su, domin wasan Fulani da Barebari ko na Kanawa da Zage-zagi manuniya ce. Kada ka yi mamaki idan sawu ya kai ka zangon Kumasi ta hanyar fataucin goro, ko Mai Wurno a Sudan, inda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903.

Gwajin ƙwayoyin halitta da ake tallatawa a intanet zai iya nuna yanki, amma ba zai faɗa maka sunanta ko unguwarsu ba. Wannan sai tsohuwa. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata dattijuwa a Giwa ta ƙasar Zazzau tana rubuta labarinta. Dattijuwar ta rasu a 1951, littafin "Baba of Karo" ya fito a 1954, kuma har yau masana na dogaro da shi wajen sanin rayuwar matan Hausawa. Da an yi jinkirin shekara biyu, da shi ke nan.

Mary Smith da alƙalami ta yi aikinta. Kai kuwa wayar da kake karanta wannan rubutu da ita tana naɗar murya. Idan ka je gaida tsofaffi ranar Juma'a, nemi izini ka kunna ta, ka fara da tambaya ɗaya: mene ne sunanta na yanka?