Managuwa: Garin da ake kwatance da abin da babu shi



Ran nan autata ta zo da takardar makaranta ana son lambar gidanmu, sai na tsaya ina kame-kame. Shekara da shekaru abin da nake gaya wa baƙo shi ne, "bayan masallacin Juma'a, gida na uku mai jan ƙyaure." Wannan ne ya tuna mini da Managuwa, babban birnin ƙasar Nikaraguwa da ke Amurka ta Tsakiya, inda mutum sama da miliyan ɗaya ke rayuwa a kan irin wannan kwatancen.

Birnin yana kudu da wani babban tafki mai sunansa, mutanensa na jin Sifaniyanci. An mai da shi babban birni a 1852 don raba gardama tsakanin garuruwan Leyon da Giranada, da kowanne ke cewa shi ya cancanta. Abincinsu na kullum kuwa ba baƙonmu ba ne: shinkafa da wake, sai dai su soya su suke yi tare, har da safe ake ci.

Yawancin titunan Managuwa ba su da sunan da jama'a ke amfani da shi. In za a yi miki kwatance, sai a fara da wani sanannen wuri, a ƙirga layuka daga nan. Arewa ita ce "wajen tafki". Gabas "sama", don ta nan rana ke hawowa, yamma kuma "ƙasa". Sai ki ji an ce, "daga coci kaza, layi biyu wajen tafki, layi ɗaya sama." Wannan duk mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙa shi ne, sau da yawa wurin da aka fara kwatancen da shi ya daɗe da ɓacewa. Ana cewa "daga inda 'yar bishiyar nan take a dā", ko inda gidan silima kaza yake a dā, kuma direban tasi ya kai ki har ƙofar gida.

Dalilin ba abin dariya ba ne. Girgizar ƙasa ta rusa birnin a 1931, aka sake gina shi. Sannan ranar 23 ga Disamba 1972, da tsakar dare mutane na barci, kwana biyu kafin Kirsimeti, wata ta sake afka masa. Dubban mutane suka mutu, dubban ɗaruruwa suka rasa matsuguni. Gobara ta biyo baya, ga bututan ruwa sun fashe, manyan asibitoci sun lalace. Ki ƙaddara uwa a cikin wannan duhu tana laluben 'ya'yanta.

Taimako ya zo daga ƙasashen duniya, amma Anastasio Somoza, mai riƙe da ƙasar a lokacin, da mutanensa suka yi sama da faɗi da kaso mai yawa. Fushin wannan yana cikin abin da ya kai ga kifar da shi a 1979. Tsakiyar birnin kuma ba a mayar da ita yadda take ba, domin a kan tsagar ƙasa take zaune. Jama'a suka watsu, unguwanni suka tsiro nan da can. Tsohuwar babbar cocin garin tana nan tsaye da tsage-tsagenta, ba a ibada a ciki.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yaran da aka haifa bayan haka. Ba su taɓa ganin silimar ba, amma da ita suke kwatanta gidansu, don haka suka ji a bakin iyayensu. Sai dai ni ba zan yabi tsarin duka ba. Baƙo yana shan wuya, kuma mai kiran motar asibiti cikin dare ba shi da lokacin ba da tarihin bishiya. Wayoyin zamani masu taswira sun rage wahalar, ga wanda ke da caji da data.

Ni dai a daren nan na zaunar da autata, na sa ta haddace sunan layinmu da lambar wayar babanta. Lambar gidan kuwa sai da na fita da tocila na duba jikin bango, ashe fenti ya rufe rabinta.