Apollo: Ƙofar da Ba Ta Tambayar Ɗan Wane

Duk wanda ya san tarihin baƙar fatar Amurka, ya san gidan wasa na Apollo da ke kan Titi na 125 a unguwar Harlem ta birnin New York. An buɗe ginin a 1914, zamanin da ba a barin baƙar fata ya shiga ko da kallo ne. Sai a 1934 ya sauya hannu, aka raɗa masa wannan suna, aka kuma buɗe ƙofarsa ga mutanen unguwa. A shekarar ce Ralph Cooper ya soma gasar sababbin shiga ta daren Laraba, wadda a nawa ra'ayin ita ce ƙashin bayan martabar gidan.

Tsarin gasar ba shi da sarƙaƙiya. Matashi zai hau dandamali, 'yan kallo su ne alƙalai. In ya burge, su yi masa tafi. In ya gaza, su yi masa ihu har sai wani ɗan barkwanci ya fito ya kore shi. Ba a tambayar ɗan wane ne, ko wa ya tsaya masa. A nan ne Ella Fitzgerald, marainiya 'yar shekara 17, ta hau a Nuwamban 1934 da niyyar rawa, tsoro ya sa ta rera waƙa, ta kuma lashe gasar. Jimi Hendrix ya ci a 1964. James Brown kuwa, da kuɗin aljihunsa ya naɗi wasansa na gidan a 1962, kuma can aka kai gawarsa jama'a suka yi ban kwana da shi a 2006.

Wasu na ganin ihun nan rashin tausayi ne, kuma suna da hujja, domin taron jama'a yakan yi kuskure. An yi wa Lauryn Hill ihu tana da shekara 13, amma a 1999 ta karɓi lambobin Grammy 5 a dare guda. Haka kuma ba kowa ne ya ci gasar ya yi suna ba. Duk da haka ina tare da wannan tsari, saboda masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. A yau intanet na iya ɗaukaka yaro cikin mako guda alhali bai taɓa tsayawa gaban mutum goma ba, kuma yabon abokai ba ya nuna masa inda muryarsa ta karkace.

Abin lura shi ne, gidan ya taɓa durƙushewa. An rufe shi a 1976, bayan kujerunsa kimanin 1,500 sun kasa biyan taurarin da manyan dandali suka janye. Percy Sutton ya saye shi a 1981, sannan Jihar New York ta karɓe shi a 1991 ta damƙa wa gidauniyar da ba ta neman riba. Ke nan kasuwa kaɗai ba za ta riƙe irin wannan wuri ba.

Don haka kirana ga masu kula da shi: Harlem ta yi tsada, kuma gyaran gini na cin kuɗi, amma kada a bari tikiti ya gagari 'yan unguwa, kada kuma a taɓa daren Laraba. Ranar da ɗan talaka ya kasa hawa wannan dandamali, Apollo ya zama gidan tarihi kawai.