Zauren Ilimi: Raba Hasken Rana Gida Biyu

Ya kai mai karatu, faifan da ke bisa rufin gidanka, da wuya ya mayar da fiye da kashi 23 cikin ɗari na hasken da ya sauka kansa zuwa lantarki. Dalili kuwa shi ne hasken rana launuka ne a haɗe, kamar yadda bakan gizo ke nunawa. Silikon, sinadarin da ake ƙera faifan da shi, ya fi cin moriyar ja. Ƙarfin shuɗi kuwa fiye da rabinsa zafi yake komawa.

Sai masana suka haɗa faifai iri biyu, suka shafa wa gilashi wani rufi wanda bai kai kaurin gashi ba. Rufin yana barin wasu launuka su ratsa, ya karkata sauran zuwa ga faifan da ya dace da su. Da wannan dabara Martin Green da abokan aikinsa a Sidni ta ƙasar Ostareliya suka haura kashi 40 a shekarar 2014, ko da yake sai da taimakon madubai masu tattara haske.

Wannan fa a wurin gwaji aka samu. In mai shago ya yi maka alkawarin kashi 40, riƙe kuɗinka.