Masu zanen Samaru, ina fitilar Muciya?

Duk wanda ya saba leƙa baje kolin ɗaliban zane a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ya san abin da zai tarar: dawakin hawan sallah, 'yar Fulani da ƙwaryar nono, ganuwar Zazzau, sai mai algaita ya kumbura kumatu. Kyau kam akwai shi. To amma jama'a, wai Zariya ba ta da dare ne?

Ga abin da ya sa na ke tambaya. A Amurka akwai masu zana allunan suna masu fitilar niyon, irin na ƙofar mashaya da kulob inda masu neman jinsinsu ke taruwa, saboda wuraren na rufewa ɗaya bayan ɗaya. Fitacce a ciki shi ne Stonewall Inn na birnin New York, mai jan rubutu a taga, inda tarzoma ta ɓarke a 1969 bayan samamen 'yan sanda.

Mu nan wa zai kafa irin wannan allo? Dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga mai buɗe irin wannan kulob. A Afrilun 2017 ma a Zariyar nan aka kama mutum 53 bisa zargin halartar auren jinsi. Abin da mu ke da shi kusa da wannan shi ne 'yan daudu, kuma ba kowane ɗan daudu ne mai neman maza ba. Allonsu kuwa aci-balbal ne ko fitilar ƙwai a gefen tukunyar shinkafa da kaskon suyar kaji. Duk wanda ya girma tsakanin Muciya da kasuwar Sabon Gari ya san hasken nan, kuma ya ci abincin.

Nan munafuncinmu ya ke. Mun cika ciki a rumfarsu. Mun yi dariya har da riƙe ciki da marigayi Rabilu Musa ya fito a 'Ibro Ɗan Daudu'. Amma wanda ya zauna ya rubuta rayuwarsu da natsuwa Bature ne, Rudolf Gaudio, a littafinsa na 2009. Ashe a fim sun halatta in dai don a yi masu dariya ne, a zane ne su ka zama haram?

Na san za a ce wannan tallar ɓarna ce. Haba malam! Zane ba fatawa ba ne. Wanda ya zana kura bai ce ta ci akuyar kowa ba. Hukunci na malamai ne da alƙalai. Aikin mai zane ya ajiye shaidar abin da idonsa ya gani. Su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da su ka kafa ƙungiyar zane ta Zariya a 1958, tawayensu ke nan: a zana ƙasar da ake ciki, a daina kwaikwayon Turawa.

Kuma ban ce a zana fuskar kowa ko lungun da ya ke ba, don tona asiri a wannan zamani jefa rai ne cikin haɗari. A zana fitilar, da hayaƙin, da bencin da aka tashi aka bari. Ya ishe mai hankali.

Dawaki dai sun samu masu zana su. Ku sauko Muciya bayan isha'i, kafin man fitilar ya ƙare.