Mataka Birki a Adaidaita Sahu: Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba

Tun daga shekarar 2005 da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da babur mai ƙafa uku cikin sufurin Kano, musamman kuma bayan hana acaɓa a watan Janairun 2013, Adaidaita Sahu ya zama ginshiƙin zirga-zirgar birnin. Manazarta sun yi rubutu a kan sunansa da karin maganganun da ake rubutawa a bayansa. Abin da bai samu kulawa ba shi ne jikin matuƙin kansa, musamman ƙafarsa ta dama, wadda rayukan fasinjoji suka rataya a kanta.

A ƙirar Bajaj da TVS da suka cika titunanmu, kuloci da giya suna hannun hagu, totur yana hannun dama, birki kuwa ƙafa ce take taka shi. Kujerar a kafe take, matakin birkin ma haka, alhali matuƙa ba tsayinsu ɗaya ba. Dogo yakan wuni da gwiwa a naɗe, gajere kuma sai ya zamo gaba, bayansa ya rabu da majingina. A cunkoson Kantin Kwari ko Ƙofar Wambai, inda ake taka birki ba ƙaƙƙautawa, matakin da ya yi tsawo yana tilasta ɗaga dunduniya daga daɓe, nauyin ƙafar ya koma kan cinya da ƙugu. Da yamma sai a shiga neman maganin ciwon jiki, alhali ciwon daga zama ya faro. Ƙari a kan haka, gajiyayyiyar ƙafa ba ta kai wa birki da wuri.

Wannan matsala tana da magani a wasu wurare. Kamfanin BRP na ƙasar Kanada ya ƙera babur mai ƙafa uku, Can-Am Ryker, wanda mai shi yake iya matso da matakan ƙafa gaba ko baya ba tare da ya ɗauki sifana ba. Abin lura shi ne wancan babur na yawon shaƙatawa ne. Idan an yi wa mai nishaɗi wannan tanadi, wanda yake neman abinci a kan babur daga asuba zuwa isha ya fi cancanta.

Za a iya cewa irin wannan ƙira za ta ƙara tsada ga matuƙin da yake fama da biyan balas. Gaskiya ne, sai dai gyaran ana yin sa tuni a wurin masu walda da kanikawa: wani ya lanƙwasa ƙarfen, wani ya ƙara masa tsawo, wani ya ɗora katako a daɓe. Masu lalurar shan-inna ma sun daɗe suna mayar da birki da giya zuwa hannu, abin da ya nuna basirar tana nan. Haɗarin yana cikin yin gyaran da ka. Ƙara tsawon ƙarfe yana sauya nisan da ƙafa za ta tafi kafin birki ya kama. Cire ɗan sararin da aka bari a farkon takawa yana sa birki ya riƙa gugar ƙafa har ya yi zafi. Walda mara kyau kuwa tana iya karyewa a daidai lokacin da ake buƙatarta. Haka nan, babu gyaran da zai yi amfani muddin matuƙi yana karkacewa don ya raba kujerarsa da fasinja.

A nan ne masana Hausa suke da rawar takawa. Littafin jagora da yake zuwa da babur ba da Hausa aka rubuta shi ba, kalmomin da kanikawa suka ƙirƙiro kuma suna bakinsu kawai. Ya kamata sassan Hausa su tattara waɗannan kalmomi, su haɗa kai da injiniyoyi da likitocin gashin ƙashi, a fitar da ɗan jagora mai zane: dunduniya a daɓe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, baya a jingine. Ƙungiyoyin matuƙa da gidajen rediyo su yaɗa shi, masu shigo da babura kuma a matsa musu su kawo kujera da mataki masu matsawa. Ai jiki magayi ne, kuma na matuƙin Adaidaita Sahu ya daɗe yana magana.