Wa Zai Mayar wa Bariya Bulalarta?

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a zaurukan Anka da Gummi da Bukkuyum, wai duk wanda ya ɗaukaka ƙara bayan alƙali ya yanke masa haddi to ya yi jayayya da hukuncin Allah. Wannan magana jahilci ce tsagwaronta, kuma talaka kaɗai take ci, don mai hali ba ya kwana bai nemi lauya ba.

Mu fara da gida. A watan Satumba na 2000, shekarar da dokokin haddi suka fara aiki a Zamfara, wata kotun shari'a a Tsafe ta sami Bariya Ibrahim Magazu, yarinya budurwa, da laifin zina domin an gan ta da ciki. Ta ambaci maza uku. Suka musanta, aka sallame su, ita kuwa aka yanke mata bulala 100 na zina da 80 na ƙazafi. Daga baya aka janye 80 ɗin, wanda shi kaɗai ya isa ya nuna hukuncin farko yana da gyara. Lauyoyin da ƙungiyar BAOBAB ta nemo suna cikin haɗa takardun ɗaukaka ƙara, sai ranar 19 ga Janairun 2001 aka tsayar da ita aka yi mata bulalar. Shin gaggawar mece ce? Ɗauri a iya buɗe wa mutum ƙofa, tara a iya mayar masa da kuɗinsa, amma bulalar da ta sauka ta sauka.

A Ingila, inda mutum 12 daga cikin jama'a ke zama su yanke ko an yi laifi, wanda aka ɗaure yakan je kotun sama da ƙorafi iri biyu: ko dai alƙali ya yi wa mutanen nan gurguwar bayani a kan doka, ko kuwa shaidar da aka kawo ba ta kai a kama mutum da ita ba. Mu nan ba mu da wannan tsari, alƙali ne ke auna shaida, shi ne kuma ke fassara doka. To, ashe mu muka fi kowa bukatar wani ido a bayansa.

Dubi abin da idon nan ya gano a maƙwabta. A Gwadabawa an yanke wa Safiya Husaini hukuncin jifa a watan Oktoba na 2001. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta rushe shi ranar 25 ga Maris 2002, domin abin da ake tuhumarta da shi ya faru tun dokar ba ta fara aiki ba, kuma ba a fahimtar da ita laifin yadda ya kamata ba. Ta Amina Lawal ta fi ban takaici. Kotun Bakori ta yanke mata jifa a Maris na 2002, ta Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta, sai ranar 25 ga Satumba 2003 alƙalai huɗu cikin biyar a Katsina suka wanke ta. Da me? Alƙalin Bakori ya zauna shi kaɗai, alhali dokar jihar ta ce ya zauna da mambobi biyu. An hana ta janye iƙirarinta, alhali mai iƙirarin zina yana da ikon janyewa har ana cikin zartar da haddin. Sannan ita sakakkiya ce, kuma a mazhabar Malikiyya kwantaccen ciki yana iya kai shekara biyar ana jingina shi ga tsohon miji. Jaridun Turai sun yi ta kururuwa wai su suka cece ta. Ba na musun sun yi hayaniya, amma hujjojin da suka kuɓutar da ita daga littattafan da ke zauren malaman garinmu aka ciro su, kuma Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, 'ya'yan Arewa, suna cikin waɗanda suka tsaya mata.

Masu cewa ɗaukaka ƙara baƙon abu ne sai su gaya mana abin da Sayyidina Umar yake nufi da ya rubuta wa Abu Musa al-Ash'ari cewa hukuncin da ya yanke jiya kada ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana. Su gaya mana don me malamai suka ce shubuha tana kawar da haddi, don me kuma suka wajabta i'izari, wato a tambayi mutum ko yana da sauran magana kafin a yanke. Mutanen Gummi ma ai bai kamata a tuna musu ba: ɗansu Shaihu Abubakar Mahmud Gumi shi ne Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1967, kuma aikin kotun da ya shugabanta shi ne duba hukuncin alƙalan ƙasa. Ko shi ma jayayya yake yi da Allah?

Laifin da ya rage namu ne, mu da muka yi boko. Safiya da Amina kwana 30 aka ba su su ɗaukaka ƙara. Yarinyar ƙauye a ƙasar Bukkuyum ba ta san da wannan wa'adi ba, ubanta kunya ta rufe shi so yake maganar ta mutu, hanyar Gusau kuma 'yan bindiga sun addabe ta shekara da shekaru. Wasunku gobe su ne magatakardan kotu, su ne masu gabatar da ƙara, su ne alƙalan. Magatakardan da ya ja ƙafa wajen ba da kwafin shari'a har wa'adi ya cika, hannunsa na cikin bulalar. A karanta wa wanda aka yanke wa hukunci haƙƙinsa da Hausa, a gaban waliyyinsa, a rubuta cewa an karanta, kuma kada a taɓa jikin kowa sai kwanakin sun cika ko kotun Gusau ta yi magana.