Bashi Kan Bashi A Ƙetaren Kogi

Bashi hanji ne, in ji Bahaushe, yana cikin kowa. Ba mu da ja a kan wannan. Abin da muke ja da shi shi ne irin hanyoyin da mutanenmu na ƙetaren Kogin Kaduna, tun daga Kakuri da Makera har Nasarawa da Sabon Tasha, suke bi wai don su sauke bashi, alhali kuwa ƙara wa kansu kaya suke yi.

Kakuri dai unguwar masaƙu ce. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL, wasu suka biyo baya. Muddin injuna na juyawa, ma'aikaci kan ci bashin gero da sabulu wurin mai kanti, wata ya ƙare ya biya, kowa ya huta. To, KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya da aiki a 2007. Albashi ya yanke, bashi bai yanke ba. Tsofaffin ma'aikatan KTL suka shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa suka mutu ba su gan shi ba. Wannan zalunci ne, ba mu wanke kowa ba. Amma wanda aka zalunta bai kamata ya taya azzalumi yanka kansa ba.

Dubi mai cin bashin ruwa don ya biya tsohon bashi. A ce ya karɓi naira 50,000 a kan ruwa kashi 20 cikin 100 kowane wata, ruwan da bai biya ba kuma a ɗora shi kan uwar kuɗi. Wata 3 kacal, ana binsa naira 86,400. Mai kanti da ya guje wa maƙwabcinsa ne, ya san 'ya'yansa, yana jin kunyar idonsa. Mai ba da bashin ruwa kuwa ina ruwansa? Yanzu ma an sami na cikin waya, waɗanda in ka makara sai su aika wa surukinka da limaminku ko fastonku saƙo cewa kai ɓarawo ne. Abin ya kai har hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Watau asirin da mutum ya ci bashin don ya rufe, shi ne aka tona masa a bainar jama'a.

Sai kuma masu jiran kuɗi su haihu. A 2016 MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata. Wace sana'a ce ke ba da haka? Ba ko ɗaya, kuɗin na baya ake ba na gaba. A Disamban shekarar aka toshe asusun mutane. An yi hankali? Ina! A Afrilun 2025 CBEX ta maimaita wasan. Shagunan cacar ƙwallo kuwa, ko mu ɗalibai ba mu tsira ba: akwai masu zuba kuɗin rajista wai a ninka a biya abokin ɗaki. Haba jama'a!

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai sayar da abin neman abincinsa. Tela ya sayar da keken ɗinki, ɗan acaɓa ya sayar da babur. Lalle ya biya yau. Gobe da me za a ɗora tukunya? Bashi zai sake ci, a wannan karon kuma ba abin da zai biya da shi.

Duk kunya ce ke jawo wannan, kunyar tsayawa gaban mai bin bashi a ce masa babu. Alhali aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta 282, wadda ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni a rubuta bashi da shaidu. Wanda ake bi ya ɗauki dattijo guda, su tafi wurin mai shi da rana tsaka, a gaban mai unguwa in ta kama, a rubuta abin da ya rage, a yanka masa abin da zai iya bayarwa kowace Juma'a, ko da naira 2,000 ce. Mai kanti zai yi faɗa, wataƙila har da zagi, amma ba zai ɗora masa ruwa ba, keken ɗinkin kuma yana nan a shago.